Kafin Tawada Ta Taɓa Riga: Aikin Ɓoye Da Ke Sa Hoto Ya Daɗe A Jikin Tishat

Da zarar zangon karatu na uku ya zo gangara, 'yan ajin ƙarshe na sakandare kan fara tara kuɗin rigar yaye. Mu ma a jami'a haka abin yake, kowane sashe da irin tasa rigar, kowace ƙungiyar ɗalibai da tambarinta. Ranar da aka karɓo riguna kowa na murna, launi na sheƙi, hoto ya fito raɗau. Bayan wanki biyu ko uku sai bambanci ya bayyana. Wata rigar tana nan kamar jiya aka buga ta, wata kuwa hoton ya tsattsage, ya fara ɓarewa kamar fentin tsohon bango.

Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan tawada ko a kan inji. Amma a irin bugun zamani da ake kira DTG, sau da yawa an riga an yanke wa rigar hukunci tun kafin ta hau inji. Akwai wani ruwa da ake fesa mata, a gasa shi ya bushe, sannan a buga hoto a kai. Mai saye ba ya ganin wannan aiki, kuma shi ne ke riƙe da komai. Mu kira shi ruwan share fage.

Mene ne bugun DTG?

Wannan hanya ce ta buga hoto kai tsaye a jikin tufa. Injin ɗan'uwan firintar da ke buga takarda ne a shagon kwamfuta, sai dai shi riga ake shimfiɗa masa a kan faranti, ya riƙa fesa mata ɗigon tawada ƙanana ƙwarai. A Amurka aka fara sayar da irin wannan inji a tsakiyar shekarun 1990, kuma a yau kamfanoni irin su Brother da Epson da Kornit ne suka yi suna wajen ƙera shi.

Amfaninsa shi ne ana iya buga riga ɗaya tak, da hoto mai launi iri-iri, har da fuskar mutum. A tsohuwar hanyar bugu ta raga, kowane launi sai an haɗa masa ragarsa daban, don haka ba ta biya sai riguna na da yawa. A DTG kuwa, ko kowane ɗan aji yana son sunansa a bayan rigarsa, ba wata wahala ba ce.

Da farko injinan ba sa iya buga komai sai a kan fararen riguna da masu hasken launi. Dalili kuwa, tawadar launi ruwa-ruwa ce, ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. Ku gwada rubutu da shuɗin biro a kan baƙar takarda, za ku ga abin da muke nufi. Sai a wajen 2005 aka samu farar tawadar da inji zai fara shimfiɗawa, sannan ya ɗora launuka a kanta. Daga nan ne baƙar riga ta shigo kasuwa, kuma daga nan ne aka shiga buƙatar ruwan share fage.

Darasin awara

Farar tawada tana samun farinta ne daga wani gari mai suna titaniyam dayoksaid, wanda ake sakawa a farin fenti da wasu man goge baki. Ƙwayoyin garin suna yawo a cikin ruwa, ba su narke ba. Idan aka fesa wannan tawada a kan auduga tsiraranta, audugar za ta shanye ta kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shanye ruwan sama. Farin ya nutse tsakanin zare, abin da ya rage a sama sai wani toka-toka mara kyau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai awara ya san maganin wannan matsala. Madarar waken suya tana tafasa, ruwa ce tsululu. Da an zuba mata ruwan tsami, nan take sai ta tsinke, ta dunƙule, ruwa ya ware gefe. A ƙasar Sin ma da gishirin kalsiyam ko na magniziyam ake dunƙule madarar waken.

Kusan abin da ke faruwa a jikin riga ke nan. Ƙwayoyin tawada suna ɗauke da caji iri ɗaya, don haka suna ture juna, ba sa haɗuwa. Ruwan share fage kuwa galibi yana ɗauke da gishirin kalsiyam ko makamancinsa, wanda cajinsa kishiyar nasu ne. Da ɗigon tawada ya sauka a kansa, sai turewar ta mutu, ƙwayoyin su rungumi juna su daskare a saman zare kafin su samu damar nutsewa. Haka farin ke tsayawa a sama, launuka su samu wurin zama. A cikin ruwan akwai kuma wani abu mai danƙo da ke taimaka wa tawada ta kama zare, ya kwantar da ƙananan gashin auduga da ke miƙewa a saman riga. Idan gashin nan ya tsaya, sai ya huda tawadar, hoton ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi.

Wato dai abin da malamin kimiyyar sinadarai ke zana mana a allo game da caji da gishiri, shi ne wani ke cin abinci da shi a shagonsa.

Yadda ake aikin

Mataki na farko shi ne zaɓen riga. Auduga zalla mai santsin saƙa ita ce ta fi karɓar wannan bugu. Yadin roba, irin na rigunan ƙwallo, yana ba da wahala, domin idan ya ji zafi rininsa kan tashi ya shiga farar tawada. Jar riga sai ta mayar da fari ruwan hoda.

Daga nan a kakkaɓe ƙura da zare-zaren da suka maƙale, a ɗan danna rigar na 'yan sakanni a injin guga mai matsewa don ta saki danshi ta miƙe. Sannan a fesa ruwan. Manyan shaguna suna da akwatin feshi mai aiki da kansa, ƙanana kuma suna amfani da abin feshi na hannu. Mai feshin hannu yana tafiya ne daga gefe zuwa gefe ba tare da tsayawa ba, don kada wani wuri ya jiƙe sharkaf wani ya zauna a bushe. Wasu kan bi da soso su shafe ta fuska ɗaya don gashin ya kwanta.

Ƙwararru ba sa yin wannan da ka. Sukan ɗora riga a sikeli kafin feshi, su sake ɗorawa bayan feshi, bambancin shi ne nauyin ruwan da ta sha. A gaban baƙar riga ta babba, abin yakan kama kimanin giram 20 zuwa 30, gwargwadon kaurin yadin da umarnin kamfanin da ya haɗa ruwan. Wasu ruwan sai an sirka su, kuma da tataccen ruwa ake sirkawa, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana da nasa gishirin da zai iya ɓata lissafi.

Bayan feshi sai gashi. A rufe wurin da takarda mai jure zafi, a danne da injin guga a zafin da ya kai kimanin digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyas, na wajen sakan 30 zuwa 40, har sai ya bushe ƙayau. Sai a buga fari, a ɗora launuka, a sake gasawa don tawadar ta nuna. Wannan gashi na biyu ya fi na farko daɗewa.

Idan ya yi kaɗan, idan ya yi yawa

A nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Idan ruwan ya yi kaɗan, farin zai dushe, launuka su mutu, ana hango baƙin riga ta cikin hoton. Wannan tun a shago za a gane shi.

Wanda ya fi haɗari shi ne idan ya yi yawa, domin yaudara gare shi. Hoton zai fito da kyau fiye da kima, fari tas. Amma tawadar ba ta kama zare ba, a kan busasshen ruwan kawai ta zauna. Ranar wanki, ruwan ya narke ya tafi, hoton ya rasa abin riƙewa, ya fara tsagewa. Rigar da ta fi kowacce sheƙi ranar karɓa tana iya zama ta farkon lalacewa.

Wani lokaci kuma za ku ga alamar murabba'i kewaye da hoton, wurin ya ɗan yi tauri ko ya canza launi. Idan alamar mai sauƙi ce, wankin farko yakan tafi da ita. Idan kuwa yadin ya ƙone ne saboda zafi, babu wankin da zai gyara shi.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hannu. Waɗannan injina sun fi son danshin iska ya kai wajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A lokacin hunturu a Kano ko Katsina ko Maraɗi, danshin kan faɗi ƙasa da haka sosai, sai farar tawada ta riƙa bushewa a bakin ƙananan ramukan da take fitowa, ta toshe su. Shi ya sa mai kula da aikinsa ke rufe ɗakin inji daga ƙura, ya ajiye na'urar ƙara danshi. Ba ya kuma yin feshi kusa da firinta, domin tururin ruwan idan ya kai bakin ramukan, zai dunƙule tawadar a can kamar yadda yake yi a jikin riga. Mai feshin kansa yana buƙatar takunkumi da safar hannu da wuri mai iska.

Kafin ku miƙa kuɗin aji

Idan aka wakilta ku ku je wurin mai buga riga, kuɗin mutane da yawa ne a hannunku, wasu iyayen da ƙyar suka haɗa nasu. Don haka ku fara da tambayar wace hanya yake amfani da ita. Shaguna da yawa yanzu suna yin wani bugu da ake kira DTF, inda ake buga hoton a kan leda ta musamman a manna shi da zafi. Shi ba ya buƙatar ruwan share fage, amma ya fi jin kamar roba a jiki. Idan kuma riguna ɗari ne masu rubutu launi ɗaya, bugun raga zai iya fi muku sauƙi.

Idan DTG ne, ku nemi a buga muku riga ɗaya ta gwaji. Ku ja yadin a hankali ku ga ko hoton zai tsage. Ku kai ta gida ku wanke sau uku ko huɗu kafin ku ba da izinin buga sauran. Jinkirin mako guda ya fi asarar riguna hamsin, kuma ku tuna araha ba ta ado.

Bayan an karɓo, ku wanke rigar kafin ku fara sawa, domin ragowar ruwan na iya sa farar riga ta yi ɗorawa idan rana ta buge ta. Ku riƙa juya cikinta waje lokacin wanki, da ruwan sanyi, ba tare da sinadarin cire datti mai cin launi ba. A shanya a inuwa, kuma kada dutsen guga ya hau kan hoton kai tsaye.

Ga masu neman sana'ar da za su koya a dogon hutu, wannan fanni yana da ƙofa. Injin yana da tsada, amma koyon feshi da awo da gashi ba ya buƙatar ku mallaki inji. A shago, aikin nan ne ake yawan bar wa yaro saboda ana ganin ƙarami ne. Yaron da ya iya riƙe sikeli, ya rubuta nauyin ruwa da zafi da sakannin da kowace irin riga ta karɓa, ya kuma san dalilin kowane mataki, ba a daɗewa maigida ke fara tambayarsa kafin a taɓa sabon yadi.