Tace Hoton Bidiyo: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Gardama?

A shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, tace hoto aiki ne na masu haƙuri. Akan jera na'urorin bidiyo biyu, ɗaya na kunna kaset, ɗaya na naɗa, a riƙa kwafe fitowa bayan fitowa. In aka so ƙara wani abu a tsakiya, tilas a sake duk abin da ya biyo baya. A yau kuwa kwamfuta ta ɗauke wannan wahala, amma ta zo da tata.

A ɗauka wani ɗalibin koyon shirya fim ne ya zo hutu gida Sundimina, aka ba shi aikin shirya ɗan gajeren fim a kan zane-zanen mutanen dā da ke Dutsen Habude a Birnin Kudu. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya naɗi bayanin wani dattijo. Da ya zuba a kwamfuta sai hoton ya dinga tsayawa yana tsalle, bakin dattijon kuma ya daina tafiya tare da muryarsa. Yawancin ɗalibai a nan sukan ɗora wa manhaja laifi, su goge ta su nemo wata. Sau da yawa kuwa matsalar ba a nan take ba.

Nauyin da ido ba ya gani

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, a tsarin talabijin na Nijeriya guda 25 a daƙiƙa. Hoto guda mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo na cin bait 3. Watau daƙiƙa ɗaya ta kai kusan megabait 155, minti ɗaya ya haura gigabait 9. Waya ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba, don haka takan matse shi da tsarin H.264 ko H.265. Dabarar ita ce, a adana cikakken hoto guda, waɗanda ke biye kuma a rubuta abin da ya canza kawai. Dutse ba ya motsi, saboda haka ba a maimaita shi.

Wannan dabara ta dace da mai kallo, amma tana wahalar da mai tacewa, domin duk inda ya yanka, sai kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken hoton, ta sake gina na wurin. Maganin shi ne a sa manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi da ake kira furoksi, watau wakilai. Da su ake aiki, in an gama sai manhaja ta koma kan na asali ta fitar da fim da cikakken ingancinsa.

Saɓanin baki da murya kuwa, yawanci daga waya yake. A wuri mai duhu kamar ƙarƙashin dutse, wayoyi da yawa kan rage yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa don su tara haske, alhali sauti na tafiya yadda yake. Manhajar kyauta mai suna HandBrake tana iya mayar da bidiyon kan adadi tsayayye kafin a fara tacewa.

Zaɓen manhaja

Hausawa na cewa, daidai ruwa daidai tsaki. Kafin ɗalibi ya tambayi wace manhaja ce ta fi kyau, ya kamata ya duba ƙarfin kwamfutarsa. Adobe Premiere, wadda ta fara fitowa a 1991, tun 2013 haya ake biya kafin a yi amfani da sabbin nau'o'inta. Final Cut Pro a kan kwamfutocin Apple kaɗai take aiki. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da nau'in kyauta, ta kuma yi suna wajen gyaran launi, sai dai a kan Windows tana neman ƙwaƙwalwar aiki, watau RAM, ta gigabait 16. Mai ƙaramar kwamfuta gara ya fara da Shotcut ko Kdenlive, dukkansu kyauta. Manhajar sata kuwa ganganci ce, don takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta.

Wuta, zafi da ƙura

Manhaja ba ta taɓa ainihin bidiyon. Tana rubuta inda kowane fayil yake ne da inda aka yanka shi. Shi ya sa in aka canza wa fayil suna ko wuri sai ta ce ya ɓace. Ya kamata a tara komai a jaka ɗaya tun farko, a ajiye kwafi a wani faifai dabam, a kuma kunna tsarin adana aiki da kansa kowane minti biyar, saboda ɗaukewar wutar lantarki. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma abin lura ne: in kafofin iska suka toshe, kwamfuta kan rage gudunta don kada ta ƙone. A ɗora ta kan tebur, ba kan katifa ba.

Malaman kimiyya na iya sa ɗalibai su yi lissafin da ke sama da kansu, su kwatanta da girman bidiyon minti ɗaya da ke cikin waya. Ɗalibin da ya gane dalilin wannan bambanci, duk manhajar da aka ɗora shi a kai, zai san inda zai fara dubawa ranar da ta yi masa gardama.