Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Darasi Daga Shirin Raya Kudancin Italiya

Babu ƙasar da arzikinta ya bazu daidai wa daida a dukkan sassanta. A kowace ƙasa akan tarar da yankin da masana'antu da bankuna da manyan makarantu suka taru, a kuma tarar da wani yankin da samarinsa ba su da abin yi sai su ɗaure kaya su tafi cin rani. Tambayar da ta daɗe tana damun masana tattalin arziki da masu tsara manufofin gwamnati ita ce, shin hukuma tana iya cike wannan giɓi da kuɗi da dokoki, ko kuwa sai dai a zuba ido kasuwa ta yi halinta? Cikin ƙasashen da suka nemi amsar wannan tambaya a aikace, kaɗan ne suka kai Italiya daɗewa a kai, domin ta shafe shekara fiye da 40 tana ƙoƙarin ɗaga kudancinta. Abin da masu bincike suka tono daga wannan gwaji ya cancanci kowane ma'aikacin gwamnati da kowane ɗalibi ya dube shi da idon basira.

Ƙasa ɗaya, rayuwa biyu

An haɗa Italiya ta zama ƙasa ɗaya a shekarar 1861, amma arzikinta bai haɗu ba. Masana'antu suka taru a arewa, tsakanin biranen Milan da Turin da Genoa. Shi kuwa kudu, watau daga wajen birnin Napoli zuwa ƙasa, tare da tsibiran Sisili da Sardiniya, sai ya zauna a hannun manyan masu gandu, talakawa suna yi musu ƙodago, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙarancin ruwan sha. A shekarar 1951 abin da mutumin kudu yake samu bai wuce kimanin kashi 53 cikin 100 na abin da ɗan'uwansa na tsakiya da arewa yake samu ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a kudu bai iya karatu da rubutu ba. A garin Matera dubban mutane suna kwana cikin kogunan dutse tare da dabbobinsu, har sai da aka yi doka a 1952 aka fara kwashe su zuwa sababbin gidaje.

A daidai wannan zamani ne masana suka duƙufa wajen binciken dalilin irin wannan bambanci. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Myrdal, ya bayyana a 1957 cewa idan wani yanki ya riga ya yi gaba, to, shi ne zai riƙa janye jari da ƙwararru da ƙarfafan samari daga yankin da ke baya, gaba tana ƙara gaba, baya tana ƙara baya. A ganinsa kasuwa ba ta gyara wannan da kanta. Wani kuma, Paul Rosenstein-Rodan, tun a 1943 ya ce ƙananan ayyuka a warwatse ba sa fid da yanki daga talauci, sai an yi babban yunƙuri guda, an zuba hanya da wuta da ruwa da masana'anta a lokaci ɗaya. Sai kuma Bafaranshen nan François Perroux, wanda ya ce a kafa babbar masana'anta a wuri ɗaya ta zama cibiya, ƙanana za su tsiro a gindinta. Duk waɗannan ra'ayoyi an gwada su a kudancin Italiya.

Kafa Asusun Kudu

A watan Agusta na 1950 gwamnatin Firayim Minista Alcide De Gasperi ta kafa wata hukuma mai suna Cassa per il Mezzogiorno, watau Asusun Kudu. Aka ware mata lira biliyan 1,000 na shekara 10. Abin da ya bambanta ta da sauran ma'aikatu shi ne, an ba ta kuɗinta na shekaru masu yawa a dunƙule, ba sai ta jira kasafin kowace shekara ba, kuma injiniyoyi da masana aikin gona ne suke zaɓen ayyukanta. Bankin Duniya, wanda ya ba ta rancen da ya tasam ma dala miliyan 400 tsakanin 1951 da 1965, ya nace a kan a bar ta ta yi aikinta ba tare da katsalandan na 'yan siyasa ba.

A shekarunta na farko hukumar ta mai da hankali kan abubuwan da talaka ke gani da idonsa. Ta gina madatsun ruwa, ta shimfiɗa bututun ruwan sha zuwa garuruwa da ƙauyuka, ta yi hanyoyin karkara, ta janye ruwa daga fadamun da sauro ke hayayyafa, ta kai wutar lantarki. Wannan ya zo tare da dokar rabon gonaki ta 1950, wadda ta karɓi kimanin hekta 700,000 daga manyan masu gandu a faɗin ƙasar ta raba wa ƙananan manoma.

Daga 1957 aka juya akala zuwa masana'antu. Doka ta wajabta wa kamfanonin gwamnati su zuba kashi 40 cikin 100 na dukkan jarinsu, da kashi 60 cikin 100 na sabon jari, a kudu. Ta haka aka sami katafariyar masana'antar ƙarfe ta Taranto, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1965, da matatun mai da masana'antun sinadarai a Sisili da Sardiniya, da kamfanin ƙera motoci na Alfasud kusa da Napoli, wanda ya fara fitar da mota a 1972.

Giɓin ya ragu, sannan ya tsaya

Tsakanin 1951 da 1971 samun mutumin kudu ya tashi daga kashi 53 zuwa kimanin kashi 60 cikin 100 na samun mutumin tsakiya da arewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a lokacin ita ma arewar gudu take yi, ba tsaye take ba. A duk tarihin Italiya tun haɗewarta, wannan ne kaɗai lokacin da kudu ya daɗe yana cim ma arewa. Sai dai masu bincike sun yi gargaɗi cewa ba dukkan yabon ne na Asusun ba, domin a waɗannan shekaru miliyoyin 'yan kudu sun yi ƙaura zuwa Turin da Milan da Jamus da Suwizalan, bakunan da ke cin tuwon suka ragu, masu ƙaurar kuma suna aiko da kuɗi gida.

Daga nan al'amari ya fara lalacewa. Dokar 1965 ta ƙara sanya hukumar a ƙarƙashin ikon Minista. Bayan an kafa gwamnatocin yankuna a 1970, su ma aka ba su hannu a cikin rabon. Zaɓen wurin aiki ya koma bin yawan ƙuri'a da ƙarfin uban gida. Babban misali shi ne Gioia Tauro a yankin Kalabriya. Bayan tarzomar da aka yi a birnin Reggio a 1970, gwamnati ta yi wa yankin alkawarin sabuwar masana'antar ƙarfe don a kwantar da hankula. Aka sare gonakin lemo da na zaitun, aka haƙa tashar jiragen ruwa, amma kasuwar ƙarfe ta duniya ta faɗi, masana'antar kuwa ba a taɓa gina ta ba. Tashar ta zauna kusan a banza har zuwa 1995, sa'ad da aka mai da ita wurin sauke kwantena.

Ko waɗanda aka gina ma, da yawansu ba su haifar da ƙananan da Perroux ya yi hasashe ba. Injunansu daga arewa ake sayowa, manajojinsu daga arewa suke zuwa, abin da suka sarrafa kuma arewa ake kai shi a ƙarasa. Saboda haka 'yan Italiya suka laƙaba musu sunan manyan majami'u a tsakiyar hamada. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, waɗannan masana'antu masu cin makamashi su ne suka fara durƙushewa. Kuɗin da ake zubawa a kudu ya koma biyan albashi da fansho da tallafi, aka rushe Asusun a 1984, hukumar da ta gaje shi kuma aka rufe ta a farkon shekarun 1990. A 'yan shekarun nan kudu yana da kimanin sulusin mutanen Italiya, amma abin da yake samarwa bai kai rubu'in arzikin ƙasar ba.

Abin da bincike ya nuna

Wasu masana tarihin tattalin arziki biyu, Emanuele Felice da Amedeo Lepore, sun bi diddigin kuɗaɗen Asusun a wani nazari da suka buga a 2017. Abin da suka gano shi ne, hukumar ta yi aiki mai inganci muddin tana da 'yancin kanta, ingancin kuma ya yi ta raguwa gwargwadon yadda siyasa ta shige ta. Kuɗin da aka kashe a shekarun lalacewa bai gaza na shekarun nasara ba. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Binciken da aka yi a Amurka ya ƙara wani haske. Hukumar Kwarin Tennessee, wadda aka kafa a 1933, tana cikin abubuwan da masu kafa Asusun Kudu suka yi koyi da su. Patrick Kline da Enrico Moretti sun nuna a 2014 cewa ayyukan yi da hukumar ta ƙara a fannin noma sun zube bayan an janye tallafi, amma na masana'antu sun ci gaba da ƙaruwa shekaru da yawa bayan haka, saboda masana'antun sun yi saiwa, suna jan junansu. Ke nan ma'aunin shiri shi ne abin da ya rage a tsaye bayan gwamnati ta janye hannunta.

Har yanzu masana ba su zama baki ɗaya ba. Rahoton Bankin Duniya na 2009 ya ce gara gwamnati ta ba kowane ɗan ƙasa ilmi da lafiya da hanya, ta bar shi ya tafi inda aiki yake, maimakon tilasta wa masana'anta zama inda ba ta so. A wannan shekara kuma wani Ba'italiye, Fabrizio Barca, ya rubuta wa Tarayyar Turai rahoton da ya ce kowane yanki yana da baiwar da ke kwance, aikin hukuma shi ne ta tono ta tare da mutanen wurin. Amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, watau ilmi da nagartar hukumomi su ne tushe.

Ina ruwan Nijeriya?

A nan gida giɓin ya juya fuska, arewa ce ke baya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87.7 cikin 100 na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci, alhali a Jihar Legas kashi 4.5 ne. Mu ma kuwa mun kama hanyar kafa hukumomi na musamman. An kafa ta Neja Delta a 2000, ta Arewa maso Gabas a 2017, ta Arewa maso Yamma kuma a 2024. Wanda ya san labarin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da masaƙun Kaduna da Kano da suka rufe, ba zai ji labarin kudancin Italiya baƙo a kunnensa ba.

To, da yake an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ya kamata waɗanda aka ɗora wa wannan amana su riƙa yi wa kansu wasu tambayoyi kafin su sa hannu a kan kowace kwangila. Wa ya zaɓi wurin aikin nan, injiniya ne ko mai neman ƙuri'a? Daga ina masana'antar za ta sami kayan sarrafawa da ma'aikata, a wurin manoma da matasan yankin ko daga nesa? Wa zai duba lissafin, kuma jama'a za su gan shi? In an daina ba da tallafi, aikin zai iya tsayawa da ƙafarsa? Su kuma ɗalibanmu na jami'o'i, ga fagen bincike a buɗe, domin sai an auna abin da kowace naira ta haifar a kowace ƙaramar hukuma kafin a san shirin da ya cancanci a ci gaba da shi da wanda ya kamata a dakatar.