Karta Ta Shiga Na'ura, To Ina Makomar Dara?

Duk wanda ya bi ta unguwannin da ke gindin dutsen Kufena, ya ratsa Wusasa ya shiga birnin Zariya da la'asar sakaliya, zai lura cewa majalisun samari sun sake kama. Inda a da ake shimfiɗa tabarma ana raba karta, ko a haƙa ramuka a ƙasa ana dara, yanzu sau da yawa sai a tarar kowa ya sunkuyar da kai bisa wayarsa. Wasu daga cikinsu kuwa kartar nan dai suke bugawa, sai dai ta koma cikin na'ura.

Wannan al'amari ba a nan ya faro ba. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wanda duniya ta sani da ƙera na'urorin wasa, da karta ya fara neman abinci. Wani mutum mai suna Fusajiro Yamauchi ne ya kafa shi a birnin Kyoto cikin 1889, yana buga wata karta tasu da ake kira hanafuda. Ganye 48 gare ta, an kasa su bisa watanni 12 na shekara, kowane wata da irin furensa ko itacensa. Kamfanin ya bunƙasa, amma bai yar da sana'ar kakanninsa ba. A cikin 2005 ya tattara wasannin karta da na allo ya zuba su cikin ƙaramar na'urarsa DS, aka sa wa tarin suna Clubhouse Games a Amurka. Cikin watan Yuni na 2020 kuma ya sabunta shi don na'urar Switch, da wasanni 51.

Wanda ya duba jerin wasannin nan zai ga hanafuda, da ludo, da domino, da wasan ramuka da ƙwaya dangin wanda Yarbawa ke kira ayo. Akwai kuma wata karta da ake rige-rigen zubar da ganye, wadda duk Bazazzagin da ya iya Whot ba zai sha wuyar gane ta ba. Na'urar da kanta take koya wa mutum ƙa'idar kowane wasa, ta kuma haɗa shi da abokin karawa ko da yana wata ƙasa.

Ita Whot ɗin da muka ɗauka tamkar tamu, baƙuwa ce. William Henry Storey ne ya ƙago ta a Ingila cikin 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga ta. Ganyenta 54 ne, masu alamar da'ira, da tauraro, da kuros, da mai kusurwa uku, da mai kusurwa huɗu, sai ganye biyar masu lamba 20. Mutanen Nijeriya ne suka raya ta da dokokinsu: a jefa 2 na gaba ya ɗebi biyu, a jefa 14 kowa ya tafi kasuwa. Da yake tana da masoya da yawa, masu ƙera manhajar waya suka ɗauke ta, shi ya sa ba ta ɓace ba.

To, ina dara? Ba ta cikin wasanni 51 ɗin nan, alhali kuwa an sa wani wasan Turawa mai kama da ita, na jera 'ya'ya uku. Dara ba ta bukatar kwabo: ramuka 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan ya riƙe duwatsu 12, wancan tsinke 12. Sai an gama dasa su kaf a fara turawa, rami ɗaya kowane zuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Babu sa'a a cikinta, sai lissafi da haƙuri. Wannan ne ma ya raba ta da karta, wadda iyaye da malamai suka daɗe suna ƙyama saboda cacar da ake yi da ita. Ga shi har harshenmu ta shiga, ana cewa dara ta ci gida.

Matsalar ita ce ƙa'idojinta a kan dattawa suke, gari da gari kuma akwai ɗan bambanci. Yaron da bai tsuguna kusa da masu yi ba, ba shi da inda zai koya.

A nan Zariya ne Hukumar Talifi ta zauna cikin shekarun 1930 ta sa aka rubuta littattafan Hausa da har yau ake karantawa. A nan kuma Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, da masana harshen Hausa da masu koyon kimiyyar kwamfuta a harabar Samaru. Ya kamata su haɗa kai su zauna da dattawan da suka ƙware, su rubuta ƙa'idojin dara da kalmominta, sa'an nan a ƙera mata manhaja da Hausa wadda ƙaramar waya za ta iya ɗauka. Makarantun sakandare irin su Kwalejin Kufena su ma suna iya shirya gasar dara tsakanin ɗalibai. Mutanen Japan ba su jira wani ya adana musu kartarsu ba, mu ma bai kamata mu jira ba, tun masu sanin wasan suna raye.