Surame: Birnin Dutse Na Kanta

Ɗalibai da yawa sun ga hotunan manyan gidajen yaƙi na Turai a littattafan tarihi. Akwai na ƙasar Wales da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya gina, kamar Conwy da Caernarfon da aka fara a 1283, da Beaumaris a 1295. Amma mu nawa ne muka san cewa a ƙasar Kabi ma an yi birni na dutse? Sunansa Surame.

Wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Kanta. Da fari yana yaƙi ne tare da Askiya Muhammadu na Songhai. Wajen 1516 suka ɓata kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle, ya kafa daular Kabi. Wanda ya ja da babba dole ya nemi mafaka mai ƙarfi, don haka ya mai da Surame hedkwatarsa.

Ga abin da ya bambanta birnin. Ganuwar Kano da ta Zariya da ƙasa aka yi su. Magina Surame kuwa sun jera duwatsu ne, suka haɗa su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kuma ba ganuwa ɗaya ba ce, wata na cikin wata. In maƙiyi ya haye ta fari, sai ya tarar da ta biyu a gabansa, maharba na samansa. Wannan dabarar ce aka yi a Beaumaris, ko da yake maginan biyu ba su taɓa jin labarin juna ba.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da hannu da yawa. Kanta ya sa ƙasashen da ya ci su aiko da ma'aikata. Tsofaffi suna ba da labari cewa Nufawa sun makara, sai aka hana su ruwa, aka ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya. Wannan ya nuna mana cewa talakawa ne suka ɗauki wahalar ginin.

A farkon ƙarni na 18 sarakunan Kabi suka bar Surame suka koma Birnin Kebbi. Bayan da wannan ya faɗi hannun masu jihadi a 1805, daga baya sarautar ta zauna a Argungu. Surame ya zama kufai. Yau yana cikin Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, kuma tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Sai dai takardar gwamnati ba ta hana ruwan sama da saiwar itace rushe bango. 'Yan'uwa ɗalibai na Geza da kewayen Bagudo, mu roƙi malamanmu su kai mu, mu biya ta Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Mu kuma tambayi kakanninmu abin da suka ji, mu rubuta tun suna da rai.