Yankan Tela: Abin da Japan Ta Koya wa Paris

Idan ana maganar tasirin suturar Japan a ƙasashen Turai da Amurka, hankalin mutane yakan tafi kan furannin kimono ko 'yan matan unguwar Harajuku ta birnin Tokyo masu ado kala-kala. Ni kuwa ina ganin tasirin da ya fi zurfi yana wurin almakashi. Telan Turai yana auna ƙirji da ƙugu da kafaɗa, ya yanka yadi yana bin lanƙwasar jiki har riga ta kama mutum cif. Mai ɗinka kimono kuwa yakan ɗauki bandir guda mai faɗin kusan santimita 38 da tsawon kusan mita 12, ya yanka shi a miƙe, ya harhaɗa, kusan babu ƙyallen da za a yar. Wanda ya taɓa duba yadda ake jera ƙwaryar saƙi a babbar riga ba zai sha wahalar gane wannan ba: rigar tana rataye a kafaɗa, akwai fili tsakaninta da fata.

Wannan filin shi ne ya shiga Paris. A farkon ƙarni na 20, masu tsara sutura na Faransa Paul Poiret da Madeleine Vionnet sun duba kimono lokacin da suke neman raba mata da rigar cikin nan mai matse ƙugu. Kenzo Takada, mai tsara sutura ɗan Japan, ya buɗe shagonsa a birnin a 1970. Sai 1981, lokacin da Rei Kawakubo ta kamfanin Comme des Garçons da Yohji Yamamoto suka baje kayansu a can: baƙaƙen riguna burum-burum, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya, daga baya har da suwaita mai huji da gangan. 'Yan jarida sun yi musu ba'a, wasu suka ce kayan mabarata ne. Amma a 2017 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya keɓe wa Kawakubo nuni na musamman tana raye, abin da a baya Yves Saint Laurent kaɗai ya samu.

Wani zai ce ai Japan ma aro ta yi. Ba ƙarya ba ne. Salon Lolita, na siket mai kumbura da leshi, daga suturar Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria da ta Faransa kafin juyin juya hali aka ɗebo shi, kuma Nigo, ɗan Japan da ya kafa kamfanin sutura na A Bathing Ape a 1993, kayan matasan Amurka ya tashi yana so. Sai dai abin da ya koma ba shi ne ya zo ba, tunda mawaƙan Amurka irin su Pharrell Williams ne suka dawo suna neman kayan Nigo, kuma a 2021 kamfanin Faransa mai mallakar gidan suturar Kenzo ya ɗora Nigo a kan gidan.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne sau da yawa suna kawai ake ɗauka a bar ma'ana. A 2019 Kim Kardashian ta raɗa wa kamfaninta na kayan ciki suna Kimono, Japanawa suka yi caa, magajin garin Kyoto ya rubuta mata wasiƙa, ta canza zuwa Skims. Abin lura shi ne kayan nata na matse jiki ne, kishiyar yankan kimono.