Zanen Horace Vernet da Littattafan Amir Abdulƙadir

A fadar Versailles da ke kusa da birnin Paris akwai wani ɗaki da zane guda ya mamaye bangonsa. Tsawon zanen ya haura mita 21, tsayinsa kuma ya kusa mita 5. Wanda ya zana shi Bafaranshe ne mai suna Horace Vernet, wanda aka haifa a 1789 ya mutu a 1863, ya kuma shahara wajen zana fagagen yaƙi da fuskokin manyan mutane. Hukuncin zana masu rai malamai sun yi bayaninsa a muhallinsa. Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan zane shi ne, mutanen da ke cikinsa Musulmi ne, kuma labarinsu ne aka bayar da alƙalamin wanda ya ci su da yaƙi.

Faransa ta shiga Aljeriya a 1830. Bayan shekara biyu, ƙabilun yammacin ƙasar suka yi wa wani matashin malami mubaya'a, wato Abdulƙadir ɗan Muhyiddin, wanda aka haifa a 1808 kusa da garin Mu'askar. Ya tashi a gidan ilimi na ɗariƙar Ƙadiriyya, ɗariƙar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi a ƙasarmu. Ya kafa hukuma mai alƙalai da baitulmali da rundunar soja. Da Faransawa suka ƙwace garuruwansa a 1841, sai ya mayar da hedikwatarsa birnin tantuna mai tafiya, wanda ake kira Zumala. A cikinsa akwai dubban mutane: mata da yara, malamai da maƙera, garkunan dabbobi, da kuma littattafan da Amir ya daɗe yana tarawa.

Ranar 16 ga Mayu, 1843, ɗan Sarkin Faransa Louis-Philippe, wanda ake kira Duc d'Aumale, ya ci karo da Zumala a mashayar Taguin. Yana ɗan shekara 21, tare da mahaya kimanin 500. Amir ba ya nan, yana wani wuri da mayaƙansa. Aka afka wa sansanin ba zato, aka kama mutane masu yawa, aka kwashe dukiya. Sarki ya ba Vernet aikin zana wannan rana, aka kuma baje zanen ga jama'a a Paris a 1845.

Duk wanda ya dubi zanen zai yarda cewa mai shi ya san hannunsa. Ga dawaki sun taso a guje, ga raƙuma sun durƙushe, mata suna faɗowa daga darbukansu, shanu sun firgita, tantuna suna rushewa. Ɗan sarki kuwa yana zaune kan dokinsa cikin natsuwa, kamar mai ba da umarni a filin fareti. Saƙon a fili yake: a nan ga tsari da iko, a can ga ruɗani da gudu.

Sai dai Vernet bai halarci wannan yaƙi ba. Ya ziyarci Aljeriya tun 1833, ya san tufafin mutanenta da makamansu, amma wannan rana daga bakin hafsoshin Faransa ya same ta. Wanda ya biya kuɗin aikin kuma shi ne mahaifin jarumin da ake yabo. Louis-Philippe ne ya mayar da Versailles gidan tarihin ɗaukakar Faransa a 1837, yana buƙatar bango da zai nuna wa talakawansa cewa 'ya'yansa ma sun ci yaƙi. Da a gaban alƙali ne, shaidar da mai ƙara ya ɗauki nauyinta, wanda ake ƙara kuma ba ya nan, ba za a yanke hukunci da ita ba sai an bincika.

Binciken kuwa yana fito da abubuwan da bangon bai ɗauka ba. Na farko, yawancin waɗanda aka tarar a Zumala iyalai ne. Na biyu, littattafan Amir sun watse a wannan hari, wasu daga cikin rubuce-rubucen hannun suna ajiye har yau a fadar Chantilly, gidan Duc d'Aumale. Na uku, a shekarar da jama'ar Paris suke tururuwar kallon zanen, a watan Yuni na 1845, Kanar Pélissier ya sa aka hura wuta a bakin kogunan duwatsun Dahra, inda ƙabilar Aulad Riyah ta ɓuya. Hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutane, maza da mata da yara. Ba a ware wa wannan rana bango a Versailles ba.

Shi kuwa mutumin da ba ya cikin zanen, aikinsa ne ya rubuta tarihinsa. Tun a 1841 ya yi musayar fursunoni da Faransawa ta hannun Bishop Dupuch na birnin Aljiyas. A Disamban 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Aka saɓa alkawarin, aka tsare shi a Faransa har 1852. Daga baya ya zauna a Dimashƙa yana karantarwa. Da fitina ta ɓarke a birnin a watan Yuli na 1860 aka far wa Kiristoci, sai ya fito da mutanensa ya tsamo dubbai daga hannun masu kisa, ya buɗe musu gidansa. Mutumin da aka zana iyalinsa suna gudu shi ne ya zama mafakar masu gudu. Ya rasu a 1883.

Ba mu ce a ƙi sanin irin wannan zane ba. Masu nazarin tarihi suna amfana da shi wajen gane tunanin waɗanda suka yi mulkin mallaka. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, hoto ma labari ne, yana da mai ba da shi, yana da mai ɗaukar nauyinsa. Suratul Hujurat ta koya mana tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma sun gina ilimi guda a kan tambayar wane ne ya faɗa, daga wa ya ji. Ido ya fi kunne saurin gaskatawa, shi ya sa hoton da ya zo mana a waya ya fi buƙatar wannan tambaya. Kuma al'ummar da ta bar littattafanta suka watse, to ta shirya karanta tarihinta a bangon wasu.

Allah Ya jiƙan Amir Abdulƙadir da waɗanda suka rasu tare da shi a kan kare ƙasarsu, Ya ba mu basirar rarrabe gaskiya da ado.