Ƙwaron da Ake Haifa Cikin Ƙwayar Hatsi

Duk wanda ya taɓa kwance buhun wake a kasuwar Jega ya ga ƙwayoyi sun huje kamar rariya, ya san ɓarnar ƙwaro. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙofar fita ce suke gani. Uwar kan manna ƙwanta a jikin wake, sau da yawa tun yana gona, tsutsar ta kutsa ciki ta cinye, bayan kamar wata guda ta fito da fukafukanta. Babban ƙwaron kuwa yana iya ƙare rayuwarsa bai ci komai ba.

Na shinkafa da masara ya fi wayo. Macen tana huda ƙwaya da dogon bakinta, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe ramin yadda ido ba ya gani. Ka girgiza tiren hatsin da ƙwarin ke ciki, sai ka ga sun sandare kamar matattu. Jim kaɗan su miƙe.

Danginsu masu dogon baki sun haura iri 50,000. Akwai mai sa dankalin Hausa ɗaci. A Madagaska akwai mai wuya zaƙaƙam kamar raƙumin dawa. Tsutsar na bishiyar kwakwa kuwa, gasa ta ake yi a ci a Bayelsa da Delta.

Wasu ma alheri ne. A 1981 aka kai wani ƙarami daga Kamaru zuwa Malesiya don ya riƙa barbarar furen kwakwar manja, amfani ya ƙaru. A garin Enterprise na jihar Alabama a Amurka, ƙwaron auduga har gunkin tunawa aka kafa masa a 1919, domin ɓarnarsa ce ta tura manoma noman gyaɗa suka samu kuɗi.

Mu koma kan ƙwaron wake: abin da ke damuna shi ne zuba fiya-fiya a wake don kashe shi. Saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, alhali mu ne ke cinsa kullum. Iyayenmu a Maiyama da Aliero da toka da barkono da ganyen dogon yaro suke adana nasu. Ga kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki: a shanya wake ya bushe, a ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu.